ABIN DA MAI BI ZAI CI KO YA SHA A LOKACIN AZUMI

Jawabi ga dattawa, ma'aikata da membobin ikkilisiyoyinmu na yankin Tiga

  

Dalilin wannan magana shi ne tambayoyin da suke ta zuwa daga ikkilisiyoyi. Wani ya ce, in na sha ruwa azumina ya karye? Wata ta ce tana goyo, yaya za ta yi in fasto ya sanar da azumin kwana 3? Wani dattijo kuma goro ne damuwarsa. Tambayoyin nan sun ƙaru a 'yan shekarun nan, domin azumin kwana 40 na kafin Ista ya riƙa haɗuwa da watan azumin 'yan'uwanmu Musulmi. A shekarar 2025, misali, su sun ɗauka ran 1 ga Maris, Laraba ta Toka kuma ta kama ran 5 ga Maris. Yawancinmu gida ɗaya ko unguwa ɗaya muke da su, har wa yau da dama cikinmu kawu ko goggo Musulmi ne. Saboda haka yaranmu suna jin ana ce musu, wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa? In suka zo gida suka tambaye mu, mu ma sai mu rasa amsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mun taɓa zuwa gaida wani dattijo mai ciwon sukari wanda ya ajiye abinci kwana 2 amma ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, ya yanke jiki ya faɗi a gona. Da muka tambaye shi, sai ya ce kunya ya ji a ga dattijon ikkilisiya yana ci alhali yara suna azumi. Allah ya tashe shi, amma da ya mutu, da alhakin yana wuyanmu mu da ba mu koyar ba.

1. ME LITTAFI MAI TSARKI YA UMARTA?

Abu na fari da za mu riƙe shi ne, Sabon Alkawari bai sa mana wata ba, bai sa mana yawan kwanaki ba, bai kuma jera mana abin da za a ci da wanda ba za a ci ba. A cikin Shari'ar Musa ma, rana ɗaya ce a shekara aka wajabta wa dukan jama'a su ƙasƙantar da kansu, wato Ranar Kafara (Littafin Firistoci 16). Sauran azumin da muke karantawa, bukata ce ta kawo shi: makoki, tuba, haɗari, ko neman nufin Allah.

Wannan bai nuna cewa azumi ba namu ba ne. A Matiyu 6:16-18 Ubangiji ya yi magana a kan azumi kamar yadda ya yi a kan sadaka da addu'a, wato abu ne da ya san almajiransa za su yi. Abin da ya hana shi ne ɓata fuska domin mutane su gani. A Markus 2:18-20 ya nuna cewa bayan an ɗauke shi daga wurinsu za su yi azumi. Ikkilisiyar Antakiya tana cikin azumi da addu'a ne aka keɓe Barnaba da Shawulu domin aikin bishara (Ayyukan Manzanni 13). Dattawa kuma ku lura, da azumi aka riƙa naɗa dattawa a ikkilisiyoyin farko (Ayyukan Manzanni 14:23).

Ashe ke nan an bar mana azumi, amma ba a ɗaure mu da siffa ɗaya ba.

2. AZUMI IRI UKU

In muka bi Littafi a hankali za mu ga iri uku.

Na ɗaya, barin abinci. Wannan ne aka fi yi, sau da yawa daga safe zuwa yamma, kamar yadda Isra'ilawa suka yi a Littafin Mahukunta 20:26. Game da kwana 40 na Ubangiji a jeji, Luka 4:2 ya faɗi cewa bai ci kome ba, a ƙarshe kuma ya ji yunwa. Ba a ambaci ƙishirwa ba, shi ya sa masanan Littafi da yawa suka fahimta cewa abinci ne ya bari.

Na biyu, barin ci da sha duka. Esta ta nemi Yahudawan Shushan su yi wannan sa'ad da aka shirya hallaka su (Esta 4:16). Shawulu ma ya yi shi a Dimashƙu bayan ya makance (Ayyukan Manzanni 9:9). Duka biyun kwana 3 ne, kuma a lokacin tsananin damuwa ne. Musa kaɗai aka faɗa a sarari ya yi kwana 40 ba ci ba sha, shi kuwa yana kan dutse a gaban Allah ne (Fitowa 34:28). Wannan al'ajibi ne, ba ka'ida ba ce. Ko Iliya, kafin tafiyarsa ta kwana 40 zuwa Horeb, sai da mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ba shi abinci da ruwa (1 Sarakuna 19).

Na uku, barin wasu irin abinci. Daniyel ya yi mako 3 bai ci abinci mai daɗi ba, bai taɓa nama ko ruwan inabi ba (Daniyel 10:2-3). Yana ci, amma abin da zai riƙe rai kawai. Allah kuwa ya ji addu'arsa tun ranar farko.

Duk ukun nan Allah ya karɓa. Babu inda aka ce na Esta ya fi na Daniyel.

3. YADDA IKKILISIYOYI SUKE YI

Tun ƙarni na farko ko farkon na biyu, wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake ya nuna masu bi suna azumi ran Laraba da Jumma'a. Zuwa lokacin taron Nikiya a shekarar 325, an riga an san da kwana 40 na shiri kafin Ista. Daga Laraba ta Toka zuwa Ista kwana 46 ne, in aka cire Lahadi 6 sai ya zama 40, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi a cikinta.

'Yan'uwanmu Katolika suna da doka rubutacciya, wadda Paparoma Bulus na 6 ya sabunta a 1966, aka kuma shigar da ita cikin dokokin ikkilisiyarsu na 1983. Ranakun azumi guda 2 ne, Laraba ta Toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji. A ranakun nan ana cin cikakken abinci sau ɗaya, ana iya taɓa ɗan abu kaɗan da safe da yamma. Dokar tana kan wanda ya kai shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama a ranakun Jumma'a na lokacin kuma yana farawa ne daga shekara 14, amma kifi ba laifi. Ruwa da magani ba sa karya azumi a wurinsu.

Kirista na Habasha da Kibɗawan Masar, waɗanda bishara ta kai gare su ɗaruruwan shekaru kafin ta kai Amurka, nasu ya fi tsanani. Kwana 55 suke yi kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Masu ƙarfi cikinsu ba sa cin kome sai wajen ƙarfe 3 na rana, sa'an nan su ci wake da ganye da hatsi.

A ɗaya gefen, a watan Maris na 1522 wasu ma'aikatan gidan buga littattafai a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka ci nama a fili cikin kwanakin azumi. Hukuma ta tashi a kansu, sai mai wa'azin garin, Zwingli, ya tsaya musu da hujjar cewa ba daidai ba ne a mai da abin da Littafi bai wajabta ba ya zama doka. Daga irin wannan tushe ne yawancin ikkilisiyoyinmu irin su ECWA, Baptis da HEKAN suka gaji barin maganar azumi a hannun mai bi da ikkilisiyarsa. Anglikan kuma suna da jerin ranakun azumi a littafin addu'arsu, amma ba su tsananta a kan irin abincin ba.

Mun kawo waɗannan ne domin mu gane cewa masu bi na gaskiya sun bambanta a nan tun da daɗewa. Romawa 14 da Kolosiyawa 2:16 sun hana mu hukunta juna a kan ci da sha. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ikkilisiyarsa take da doka, ya bi dokar da zuciya ɗaya. Wanda tasa ba ta da ita, kada ya raina mai ita.

4. AMSAR TAMBAYOYINKU

Ruwa. Shan ruwa bai karya azumin mai bi ba, sai dai in shi da kansa ya ɗauki alkawari a gaban Allah cewa zai bar ruwa na wasu sa'o'i. Mu duba ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, mutanenmu suna bakin lambu suna ban ruwan tumatir da albasa, wasu suna ƙodago a gonakin Kadawa da Kura, wasu suna cikin kwalekwale, mata suna ɗibar itace da ruwa. Mai irin wannan aiki yana zubar da gumi mai yawa. In ya ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ya ga fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ya sha ruwa nan take ya nemi inuwa, in da hali a haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Ƙoda tana lalacewa da rashin ruwa, Allah kuma bai nemi ƙodarmu hadaya ba.

Koko, kunu, fura da shayi mai madara. Waɗannan abinci ne ko da yake sha ake yi. Wanda ya ce ya bar abinci, sa'an nan ya dama fura kwano guda da nono, kansa yake ruɗi. Amma ga mai azumi irin na Daniyel, ko tsoho, ko marar ƙarfi, kofin koko ba sukari da safe daidai ne. Abin da ake bukata shi ne mutum ya yanke tun kafin ya fara, ya faɗa wa Allah abin da zai bari, ya kuma tsaya a kai.

Goro. Ba zunubi ba ne, kuma ba ya ƙosarwa. Sai dai muna tambayar iyayenmu cikin ladabi, in mutum zai iya barin tuwo amma ba zai iya barin goro na yini ɗaya ba, wane ne yake mulkin wani? Wataƙila goron ne ya fi cancanta a bari. Haka shayin matasa, da lemon kwalba, da latsa waya.

Nama da kifi. A ƙasashen da ake cin nama kullum, barin nama sadaukarwa ce. A gidajenmu da yawa kuwa, nama sai ranar kasuwa ko Kirsimeti. Wanda ba ya ganin nama ya ce ya bar nama, me ya bari? Haka kuma wanda ya bar tsoka ɗaya ya je bakin dam ya sayo babban tarwaɗa aka yi masa farfesu, ya kiyaye harafin doka amma ya bar manufarta. Kowa ya dubi abin da ransa ya fi so a tukunyar gidansa, ko mai ne, ko sukari, ko shinkafa, ya bar wannan.

Giya. Koyarwar yawancin ikkilisiyoyinmu a kan burukutu da sauran abin sa maye a sarari take, da azumi da ba azumi. Wanda har yanzu yake kokawa da ita, kwanakin azumi dama ce ya zo wurin dattawa a yi addu'a tare, kada kunya ta hana shi.

Magani. Kada kowa ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda azumi. Masu hawan jini, tarin fuka, farfaɗiya, da masu shan maganin ƙanjamau, tsallake magani yana iya maido da ciwon da ƙarfi fiye da da. In maganin yana bukatar a ci abinci, a ci.

Lokacin ɗauka da lokacin buɗewa. Ba mu da dokar sahur ko ta faɗuwar rana. Wasu suna yi daga 6 na safe zuwa 12, wasu zuwa 3, wasu zuwa 6 na yamma. In ikkilisiya ta sa lokaci, a bi shi domin a taru a yi addu'a tare. Cin abinci da asuba kafin a fara ba laifi ba ne. Abin da za mu guje wa shi ne a yini da yunwa, da yamma a ci ninkin abin da aka saba ci. Wanda ya yi kwana 2 ko 3 kuma, kada ya fara da tuwo mai nauyi. Ya fara da ruwa da kunu mai ruwa-ruwa ko gwanda, ya ba ciki lokaci.

5. WAƊANDA BAI KAMATA SU BAR ABINCI BA

Mata masu ciki da masu goyo, yara ƙanana, tsofaffin da ƙarfinsu ya ragu, masu ciwon sukari, masu gyambon ciki, masu sikila, masu ciwon ƙoda, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Mai ciwon sukari musamman, in ya sha magani ko ya yi allura bai ci ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi da ruɗewa. In kun ga haka kuma yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan sukari nan da nan, ku kai shi asibiti.

Waɗannan ba a fitar da su daga azumin ikkilisiya ba. Su ci abin da jiki yake bukata, su bar marmari, su zo addu'a. Ubangiji ya koyar cewa an yi Asabar domin mutum ne (Markus 2:27), azumi ma haka yake. Ku tuna da Sarki Saul, wanda ya rantsar da mayaƙansa kada su ci kome a ranar yaƙi. Mutane suka galabaita, da yamma suka auka wa dabbobi suna ci har da jini, saura kaɗan kuma ya kashe ɗansa Jonatan saboda ɗan zuma (1 Sama'ila 14). Shugaban da ya ɗora wa jama'a abin da ba za su iya ɗauka ba, zunubi yake jawo musu. Bulus kuwa, bayan mutanen jirgi sun yi kwana 14 ba su ci abin kirki ba, shi ne ya roƙe su su ci, ya kuma fara ci a gabansu (Ayyukan Manzanni 27).

6. GARGAƊI

A shekarar 2023 duniya ta ji labarin dajin Shakahola a ƙasar Kenya, inda wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, ya koya wa mabiyansa su bar abinci har mutuwa wai domin su sadu da Yesu. An tono gawawwaki fiye da 400, da yawa cikinsu yara ne. A wannan shekarar kuma wani fasto a Mozambik ya rasu yana ƙoƙarin yin kwana 40 irin na Ubangiji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu wa'azi yana shigowa ƙauyukanmu ta waya, ba sai mai wa'azi ya zo da ƙafarsa ba. Matasanmu da suke zuwa birni suna dawowa da labarin azumin kwana 21 ko 40, wasu har da cewa ba ruwa, wai sai da haka za a sami aiki ko aure. Dattawa, ku zauna da su ku buɗe Littafi tare. Azumi ba ciniki ba ne da Allah. Bafarisiyen nan na Luka 18 yana azumi sau 2 a mako, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida da gafara. An cece mu ta wurin alheri, jinin Almasihu ne ya biya, yunwarmu ba ta ƙara kome a kai.

7. ZAMANMU DA MAƘWABTA

In ɗan'uwa Musulmi ya tambaye ku, kada ku yi gardama, kada kuma ku raina nasa. Ku ce masa, mu ma muna azumi, amma namu ba farilla ba ce mai wata da sa'a, kuma an umarce mu kada mu nuna. Kada mu kwaikwayi siffar wani don gudun gori, kada kuma mu tsokani kowa. A watan azuminsu, mutunci ne mu kauce daga gabansu in za mu ci ko mu sha, a gona ko a mota ko a kasuwa. In sun aiko da kunu da ƙosai da yamma, mu karɓa da godiya, mu ma mu aika da namu ran Ista da Kirsimeti. Haka iyayenmu suka zauna da su.

Waɗanda suka karɓi Almasihu daga Musulunci kuma, in sun ga sun fi natsuwa da barin ci da sha daga asuba zuwa yamma, kada a zarge su. A dai koya musu cewa yanzu suna yi ne cikin 'yanci.

8. INA ABINCIN DA MUKA BARI YAKE ZUWA?

A Ishaya 58 mutane sun yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai kula ba. Amsar da aka ba su ita ce, suna azumi suna zaluntar ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da Allah yake so ya haɗa da sakin wanda aka danne, ciyar da mayunwaci, da suturta marar tufa. Saboda haka wanda yake azumi alhali ya riƙe kuɗin ɗan ƙodagon da ya yi masa shuka, ko ya ci iyakar gonar gwauruwa, ko ba ya magana da ɗan'uwansa saboda gādo, ya fara gyara wannan tukuna.

Ga lissafi mai sauƙi. In ikkilisiya tana da gida 30, kowane gida ya ajiye kwano ɗaya na masara ko dawa a mako daga abin da bai dafa ba, cikin mako 6 an tara kwano 180, wato ya haura buhu 4. A ajiye shi a hannun Zumuntar Mata da dattawa 2, a raba wa gwauraye da marayu a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba. Kada a tambayi mayunwaci addininsa.

SHAWARA GA DATTAWA

Idan za ku sanar da azumi, ku faɗi dalilinsa, da lokacin farawa da gamawa, ku kuma faɗa daga bagade cewa an yarda a sha ruwa da magani, marasa lafiya da masu ciki su ci abinci. Kada ku bar wannan ga tunanin mutane, domin kunya ba za ta bar su su tambaya ba. Dattijo mai ciwo ya faɗa da bakinsa cewa shi zai ci saboda magani, wannan zai 'yantar da mutane da yawa. Ku duba kalandar noma, kada a sa dogon azumi a tsakiyar shuka ko girbi in ba dole ba. Kada a tambayi kowa a gaban jama'a ko yana azumi. Lokacin da za a ɓata wajen girki da ci kuma a mai da shi na karatun Littafi da addu'a, domin azumin da ba addu'a a cikinsa yunwa ce kawai.

Muna roƙon kowane wakili ya karanta wannan a ikkilisiyarsa, a Zumuntar Mata da taron matasa. Sauran tambayoyi a kawo su ta hannun fastoci, za mu duba su a zama na gaba.

Allah ya ba mu ikon ƙasƙantar da kanmu a gabansa da gaskiya, ya warkar da marasa lafiyarmu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.